Babi na Shida: Masu Ƙidayar Itatuwan Gona

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura ta ratsa Mai'aduwa zuwa Kwangwalam a watan Fabrairu zai tarar da ƙasa ta bushe ƙayau. An kwashe kara an jibge, awaki na yawo cikin gonaki ba mai kora, kuka ta zubar da ganye ta tsaya da rassa zalla. Gawo kuwa a lokacin ne yake ganiyarsa. Ya yi kore shar, 'ya'yansa masu lanƙwasa suna faɗowa, tumaki na rububi a gindinsa. Sai damina ta kankama, kowane itace ya yi ganye, sannan shi ya kakkaɓe nasa ya bar wa gero rana, ga kuma takin da ganyen da kashin dabbobi suka tara masa. Wannan duk manomi ya sani tun yana ɗan kai abinci gona. Abin da bai sani ba, kuma mai gari da hakimi ba su fi shi sani ba, shi ne gawo nawa ne a ƙasar Mai'aduwa, ƙaruwa yake ko raguwa, kuma cikin itatuwan da kakansa ya yi amfani da su, iri nawa ne suka bar ƙasar ba sallama.

Tambayar ta daɗe tana raba kan masana. A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya ratsa wannan yanki cikin rani, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma in ba a tare ta da katangar itatuwa ba za ta cinye arewacin Nijeriya. Maganar ta tayar wa Turawan mulki hankali, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin ma'aikatan gandun daji, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka dawo suka ce ba su ga alamar hamada na tahowa ba. Ƙasa ɗaya, tsakanin shekara biyu zuwa uku, hukunci biyu masu karo da juna. Dalili kuwa a fili yake: kowannensu da ido ya yi awo, daga kan hanyar da ya bi, a watan da ya zo.

Farin 1973 da na 1984 sun sake ta da maganar Stebbing, kuma a kanta aka gina kusan duk wani shirin dashen itatuwa da arewacin Katsina ya gani, daga layukan bedi da turare da aka jera don kare iska har zuwa shirin katafariyar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Sai dai duk lokacin da wani ya daure ya sauka ya ƙirga, abin da yake samu ba ya bin labarin da ake bayarwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Zariya da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa sun gwada hotunan sama na shekaru daban-daban da ƙidayar da suka yi a ƙasa a gonakin kewayen Kano, suka tarar manoma na riƙe da itatuwansu duk da yunwar itacen girki da birnin ke da ita. A hayin iyaka kuma, a ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya, maƙwabtan Daura na kusa, binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu na 2006 ya nuna manoma sun raini gawo a fili mai faɗin gaske, ba dashe ba, reno: su bar tohon da ya fito da kansa, su rage masa rassa, su kare shi daga garma da baki. A ƙasar Maraɗi, inda Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a 1983, sassaben zamani ake kiranta. Da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka ya jera hotunan 1975 kusa da na bayan 2000, sai aka kai ga ƙiyasin da ya zagaye duniya: hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200.

Daga nan tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin. Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen ya zauna ya zana da'ira da hannu a kan itatuwa kusan 90,000 a cikin hotuna, domin kwamfuta ta koyi bambanta itace da inuwarsa da dutse. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2020: itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswirori ke nuna babu daji. A 2023 shi da Compton Tucker na hukumar NASA da wasu suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, suka ƙirga biliyan 9.9. Mai'aduwa na cikin wannan fili. Ma'ana, duk wata tsamiya mai inuwa a bakin kasuwa, duk wani gawon da ya kai girma a gonar wani, yana nan a matsayin ɗigo a wata kwamfuta a ƙasar waje.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke yin saurin tafi. Ɗigon nan bai da suna. Tauraro ya san akwai kan itace mai faɗin mita kaza a wuri kaza, amma bai san ko ƙirya ce mai shekara ɗari ko bedin da aka dasa a zamanin mulkin soja ba. Ƙasa na iya ƙara kore alhali tana tsiyacewa. An ga haka a Senegal, inda Stefanie Herrmann da Tappan suka nuna a 2013 cewa wuraren da tauraro ya ce sun farfaɗo, ƙananan tsirrai masu jure wahala ne suka cike su, manyan itatuwa masu amfani kuwa sun ragu. Kafin su, Patrick Gonzalez ya bi ƙauyuka 135 a arewa maso yammacin Senegal yana zama da dattawa yana karanto musu sunayen itatuwa, su kuma suna faɗa masa wanda ake da shi a 1945 da wanda ya rage. Ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-iren sun tafi. Tambayi kowane dattijo a ƙasar Daura yaushe rabonsa da ganin taura ko ɗinya ko kaɗanya a gonarsa, ka ji yadda hirar za ta yi tsawo. Sabara da kalgo da tumfafiya suna nan, bedi ma ya zama ɗan gari tun da aka shigo da shi ta Barno a 1928. Amma ba a daka turmi da sabara, ba a yin daddawa da bedi.

Saboda haka ƙidaya iri biyu ce. Akwai ta kai, wadda na'ura ta ƙware a kanta, akwai kuma ta iri, wadda har yau sai mutum ya taka da ƙafarsa. Ita ta biyun ce ke buƙatar mai ilimin ƙididdiga, domin ba wanda zai iya bin gonakin ƙaramar hukuma ɗaya itace bayan itace. Dole a ɗebi kaɗan a yi hukunci a kan mai yawa, kuma a faɗi girman kuskuren da hukuncin ke iya ɗauke da shi.

Ga yadda lissafin yake tafiya, a sauƙaƙe. A ce ɗalibi ya zaɓi filaye a ƙasar Mai'aduwa ya ƙirga itatuwa 500, ya samu iri 30. Shin iri 30 ke nan a ƙasar? Ko kusa. Akwai waɗanda ba su faɗo cikin filayensa ba. Nawa ne su? Da farko tambayar kamar ta ɗan duba ce: yaya za ka ƙirga abin da ba ka gani ba? Amsar tana wajen waɗanda ka gani da ƙyar. A ce cikin iri 30 ɗin, guda 6 sau ɗaya tak ya ci karo da su, guda 3 kuma sau biyu. Yawan masu fitowa sau ɗaya alama ce ta cewa akwai 'yan'uwansu da suka kuɓuce. Anne Chao, masaniyar ƙididdiga daga Taiwan, ta fitar da ƙa'ida a 1984: ka ninka masu sau ɗaya da kansu, ka raba da ninki biyu na masu sau biyu. Shida sau shida 36, a raba da 6, an samu 6. Wato aƙalla akwai wasu iri 6 da bai gani ba, jimla ba ta gaza 36 ba. Mai sayen gero a kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa da ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba tsakuwa, wannan hankalin yake amfani da shi. Bambancin kawai shi ne mai ƙididdiga yana iya faɗin sau nawa cikin ɗari hannun zai yaudare shi.

Asalin dabarar ma abin mamaki ne. Alan Turing ne ya ƙirƙiro tushenta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ƙoƙarin warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus, abokin aikinsa I. J. Good ya buga ta a 1953. Da ita ne gungun masana sama da ɗari suka ƙiyasta a 2022 cewa duniya na da ire-iren itatuwa kimanin 73,000, kuma wajen 9,000 daga ciki kimiyya ba ta kai gare su ba tukuna.

Lissafin dai ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne inda aka ɗebo. Ɗalibin da ya bi bakin kwalta don man babur ɗinsa ya ishe shi, bedi da turare zai ƙirga. Wanda ya leƙa maƙabarta zai ga tsofaffin itatuwan da gatari ke jin nauyinsu, ya ɗauka haka ƙasar take. Fadama daban, jigawa daban, burtali daban. Akwai kuma wani tarko da ya fi waɗannan ɓuya. A dajin da ba kowa, ruwa da ƙasa da wuta ne ke zaɓen abin da zai rayu. A gonar Bahaushe mutum ne mai zaɓe. Gawo ashirin a gona ɗaya ba shaidu ashirin ba ne, shaida ɗaya ce: ra'ayin mai gonar, ko na ubansa. Wanda ya zuba su cikin kwamfuta kamar kowanne zaman kansa yake, zai fito da tabbacin da bai mallaka ba. Don haka ake gina lissafi mai hawa-hawa, itace a cikin gona, gona a cikin ƙauye, ƙauye a cikin yanki, kowane hawa da nasa rabon. Sannan a shigar da abubuwan da littattafan dajin Turai ba su san da su ba: gonar gado ce ko aro ko jingina? Mai aro ba ya renon itace, domin reno na iya zama da'awar mallaka. Akwai garken shanu da ke kwana a gonar da rani? Ƙwayar gawo ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Gonar na kusa da gari inda mata da yara ke neman makamashi?

Bayan sanin wane ne da wane ne, sai halayensu. Masana sun daina tsayawa ga sunan itace kawai, suna auna abin da yake iyawa: nauyin katakonsa, kaurin ganyensa, zurfin saiwarsa, girman ƙwayarsa, lokacin da yake fidda ganye, ko yana toho in an sare shi. Tun 2007 ake tara irin waɗannan awo daga ko'ina a duniya a wata taska mai suna TRY a birnin Jena na Jamus. Amfaninsu shi ne hasashe. In ruwan sama ya ragu ko zafi ya ƙaru, wa zai fara mutuwa? Gawo na rayuwa da rani ne saboda saiwarsa na nitsawa har ruwan ƙarƙashin ƙasa, to ke nan makomarsa na ɗaure da zurfin rijiyoyi fiye da yawan kwanakin damina. Kuka tana ajiye ruwa a jikinta, katakonta fuyau ne. Ƙirya akasin haka, tauri gare ta da nauyi, kuma wannan halin ne ya jawo mata masu turmi da maƙera da masu gawayi. Kalgo da sabara ko an sare su kowace shekara sai sun dawo. Halin itace, a wannan ƙasa, yana nuna yadda zai yi da fari, yana kuma nuna yadda zai yi da mutane.

A batun nauyi ma akwai aiki jingim. Yanzu da ake cinikin iskar kabon, kowa na son sanin nauyin itace ba tare da ya sare shi ba. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce ta Jérôme Chave da abokansa ta 2014, wadda aka gina a kan itatuwa kimanin 4,000 da aka sare aka auna a wurare 58 na ƙasashe masu zafi. Ana ba ta kaurin gindi da tsawo da nauyin katako, ta ba da amsa. To amma je ka duba gawon da makiyayi ke sassaka wa rassa kowane bazara, ko kukar da aka yi wa ƙwal saboda miya. Gindi ƙato, kai kamar an yi aski. Ƙa'idar da ta dogara da gindi za ta yi masa ƙari, tauraron da ke kallon faɗin kai zai yi masa ragi. Gyaran wannan ba a Jena ko Copenhagen za a yi shi ba.

Aikin a fili kuwa ga kamanninsa. Ana auna gindi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum. A kan marke wannan minti ɗaya ne. A kan tsohuwar kuka sai mutum uku, ɗaya ya riƙe bakin igiyar awo, ɗaya ya zagaya, ɗaya ya tabbatar ba ta karkace ba, ga zuma wani lokaci a kogonta. A kan kalgo mai ƙafafu bakwai daga gindi ɗaya sai an tsaya an yanke shawara: itace ɗaya ne ko bakwai? Duk abin da aka zaɓa, dole a rubuta shi, a kuma bi shi har ƙarshen aikin. Kafin a gama na uku mai gonar ya iso da fartanya a kafaɗa.

"Sannunku da aiki. Lafiya dai, samari?"

"Lafiya lau, Baba. Daga makaranta muke, itatuwa muke aunawa. Mun biya ta wajen mai unguwa."

"To, madalla. Ba dai hanya za a fitar ta nan ba?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Mutumin da ya ga baƙo da igiyar awo a gonarsa, ko ya tuna zamanin da malamin daji ke cin tarar mutum a kan itacen da ya rena da hannunsa, yana da dalilin yin shiru. In ya saki jiki kuwa, shi ne zai gaya maka wannan tsamiyar kakarsa ce ta hana a sare ta, can kuma da akwai ɗorawa biyu, farin 1984 ya tafi da su. Babu na'urar da ke da wannan bayanin. Tun 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, don ya gane cewa ilimin yana bakin mutane. Ɗan Mai'aduwa ya tashi da abin da Dalziel ya sha wuya kafin ya tattara.

To ina hanyar shiga wannan sana'a? Ƙofa biyu ce, kuma kowacce rabi take bayarwa. Mai karatun lissafi ko ƙididdiga, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Bayero ko Ahmadu Bello, yawanci banki yake hange ko hukumar ƙidaya, bai taɓa kawo itace a ransa ba. Mai karatun gandun daji, a Dutsin-Ma misali, ya san itatuwa, amma sau da yawa yana kallon darasin ƙididdiga a matsayin kwas ɗin da za a haye a huta. A ganina ya fi sauƙi a koya wa mai lissafi itatuwa, musamman in ɗan ƙauye ne, fiye da a cusa wa wanda ya tsani lissafi son sa bayan ya girma. Ko ta wace ƙofa aka shigo, sai an cike ɗaya rabin a digiri na biyu. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Bayero. Akwai cibiyar lissafi ta Afirka, AIMS, da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibanta. Akwai Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya a Ibadan da tashoshinta na Samaru da Kano. A hayi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da ta André Salifou a Damagaram, inda aka fi mu nisa a nazarin itatuwan gona. Wanda ya ƙara Faransanci a kan Hausarsa ya buɗe wa kansa rumbun rubuce-rubucen da yawancin ɗalibanmu ba sa taɓawa. Kayan aikin ma sun yi araha. Manhajar R, wadda masu wannan fanni a duk duniya ke aiki da ita, kyauta ce. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, haka na Sentinel.

Kada dai a yi wa matashi romon baka. Kuɗin binciken yawanci daga waje suke zuwa, na shekara biyu ko uku, in sun ƙare a koma neman wasu. Manyan shirye-shirye irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021, suna buƙatar masu awo, amma buƙatar shiri ta rahoto ce, ba lallai ta bincike ba. Wasu dazuzzukan yammacin jihar, irin Rugu, rashin tsaro ya sa ba wurin kai ɗalibi ba ne. Sannan ga tsohon rabon aiki mai ciwo: ɗan ƙasa ya sha rana ya tattaro alƙaluma, a tura waje a sarrafa, sunansa ya fito a layin godiya. Wanda ya iya sarrafa alƙaluman da kansa ne kaɗai ke fita daga wannan layin, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake matsa wa batun lissafi.

Ana iya yi a Nijeriya, domin an yi. A dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Taraba akwai fili mai hekta 20 inda aka auna duk wani itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, aka rataya masa lamba, fiye da guda 40,000, iri sama da 100. Yana cikin jerin filayen da cibiyar Smithsonian ke haɗawa a duniya, waɗanda suka samo asali daga wani tsibiri a Panama a farkon shekarun 1980, kuma 'yan Nijeriya irin Iveren Abiem sun gina karatun digirinsu na uku a kansa. Amfanin irin wannan fili ba a ƙidayar farko yake ba, sai an dawo bayan shekara biyar an ga wa ya mutu, wa ya girma, wa ya tsiro. Yawancin filayen nan a dazuzzuka masu duhu suke. Gonakin gero, inda miliyoyin mutane ke ci daga itace, su ne suka fi ƙarancinsu.

Mafari ba sai ya kai girman Ngel Nyaki ba. Ɗalibi ɗaya, cikin rani ɗaya, zai iya zaɓen gonaki ta hanyar ƙuri'a a ƙauyuka goma na ƙasar Mai'aduwa, ya auna gindin kowace tsamiya da kuka da ƙirya da gawo, ya jera su daga ƙanana zuwa manya. Irin da ke da lafiya, yaransa sun fi tsofaffinsa yawa. Irin da aka tarar duk manya ne, babu na tsakiya, babu ƙanana, ya riga ya kama hanyar ƙarewa ko da inuwarsa ta cika gari, kuma ana iya ƙiyasta shekarun da suka rage masa. Abin da aikin ke ci shi ne igiyar awo, wayar da ke nuna wuri, fenti maimakon lambar ƙarfe don yara na cire ta, man babur, da izinin mai unguwa da masu gonaki. Sai kuma littafin da aka rubuta komai a ciki dalla-dalla, a ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, yadda wanda zai dawo a auna karo na biyu zai gane kowane itace ko da ba shi ne ya yi na farko ba.